Kisa da Numfashi: Mas'alar Iskar Kabon a Gaban Hukuma da Gaban Shari'a

Ina yaro ƙarami, a shekarar da rijiyar unguwarmu ta ja baya har guga ya koma ɗebo laka, aka kira wani dattijo mai yasar rijiya, wanda duk garin ba a san wanda ya fi shi ƙarfin hali a cikin rami ba, domin ya shiga ya yashe ta. Amma da ya iso, maimakon ya ɗaura igiya a ƙugunsa kamar yadda muka taru muna jiran gani, sai ya nemi a ba shi fitilar aci-bal-bal, ya kunna ta, ya girka ta cikin wani tsohon kwano da ya ɗaura wa igiya, ya dinga zura ta sannu a hankali, mu kuwa muna kwance rub da ciki a bakin rijiyar muna bin hasken da ido yana ƙanƙancewa, har ya rage kamar gaba biyu ta taɓa ruwa, inda harshen wutar ya yi ja, ya durƙusa, ya mutu, alhali babu abin da ya kaɗa shi. Dattijon ya jawo igiyarsa, ya ce, "Yau kam ba shiga, akwai iska a ciki." Mata suka ja 'ya'yansu baya suna a'uziyya, don su abin da suka ji shi ne aljani ya tare a rijiyar, shi kuwa sai ya sa aka saro masa reshen darbejiya mai ganye, aka wuni ana zura shi ana jawowa, kuma bai sa ƙafarsa cikin ramin ba sai washegari, bayan fitilar ta sauka har kan ruwa ta komo da ranta.

Kalmar nan ta iska, wadda Bahaushe ya yi amfani da ita ga abin da yake shaƙa, kuma ya ara wa halittun ɓoye da yake tsoro, ta ɗauke wa dattijon nauyin bayani, domin kowace fassara mutum ya ɗauka, hukuncin ɗaya ne, wato kada a shiga. Abin da ya kashe fitilar shi ne wanda malaman kimiyya ke kira kabon dayoksaid, mu kuwa za mu taƙaita mu ce iskar kabon: ita ce muke fitarwa daga huhunmu duk sa'ad da muka numfasa, ita ce ke sa kullu ya kumbura, ita ce ke tashi daga kwalbar lemo in an buɗe, kuma ita ce abincin tsirrai da rana. Ba ta da launi, hanci ba ya jin ta sai ta yi yawa ƙwarai, kuma da yake ta fi iskar sarari nauyi da kimanin rabi, ɗabi'arta ce ta gangara ta kwanta a rami kamar ruwa. A sararin da muke zaune ba ta wuce kashi 4 cikin 10,000 sai da ɗan kaɗan, a numfashin da muke fitarwa kuwa tana kai kashi 4 cikin 100.

To, wannan iska ce mutanen zamani suka mayar maganin ƙwari. Ana rufe rumbun ƙarfe ko a lulluɓe tarin buhuna da tamfol wanda ba ya yoyo, a ɗura ta ciki har ta rinjayi iskar da ke wurin, a bar ta kwanaki, galibi kamar mako biyu ba tare da ta sauka ƙasa da kashi 35 cikin 100 ba, sai ƙwaro da tsutsarsa da ƙwansa su halaka; ana kuma daskarar da ita ta zama busasshiyar ƙanƙara, mai sanyin da ya kai digiri 78 ƙasa da sifiri, a cusa a ramin ɓera a toshe bakin da ƙasa. Kuma saboda an mayar da ita makami, sai hukumomi suka sa ta a layi ɗaya da sauran guba. A Amurka, dokar magungunan ƙwari da ta samo asali tun 1947 ta hana sayar da kowane irin maganin kashe ƙwari sai an yi masa rajista, gyaran da aka yi mata a 1996 kuma ya wajabta wa Hukumar Kare Muhalli ta sake duba kowace rajista duk bayan shekara 15. Kanada ma haka take yi, iskar kabon kuwa ba a keɓe ta daga wannan bita ba. A shekarar 2016 biranen Shikago da Boston suka fara zuba busasshiyar ƙanƙara a ramukan ɓerayen da suka addabe su, suka ga amfaninta, sai hukuma ta tunatar da su cewa ba ta da rajistar wannan aiki, tilas suka dakata, har zuwa 2017 da aka yi wa wata mai suna Rat Ice rajista, sa'an nan aka ci gaba.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan al'amari wauta irin ta ofis, suna cewa yaya za a nemi lasisi a kan abin da jariri ke fitarwa daga hancinsa? Ni kuwa ina ganin hukumar ta yi daidai, kuma dalilinta ya fi zurfin abin da ke rubuce a takardunta. Shubuhar masu wannan magana ta ginu ne bisa zaton cewa cuta sifa ce da ke manne da zatin abu, ta yadda za a raba halitta gida biyu, a ce ga masu dafi ga masu lafiya. Alhali kuwa Alƙur'ani ya sha nanata mana cewa an halicci kowane abu da gwargwado, kuma wani likitan Turai na ƙarni na 16, Paracelsus, ya kai ga irin wannan fahimta ta hanyar sana'arsa, cewa yawan abu ne ke mayar da shi guba. Gishirin da ke gyara miya shi ke kashe shuka. Iskar kabon, in ba ta wuce kashi 5 cikin 1,000 ba, an yarda ma'aikaci ya yi awa 8 yana aiki a cikinta. In ta kai kashi 4 cikin 100 ana lissafa ta cikin abin da ke barazana ga rai nan take. In ta doshi kashi 10, mutum kan suma cikin 'yan mintoci, ya faɗi daidai inda ta fi kauri, wato ƙasa. Wanda ke shakkar haka ya tambayi maƙwabtanmu na Kamaru, inda a daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos ya yi aman wannan iska da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashin ruwansa, ta gangara kwaruruwa cikin duhu, gari ya waye mutane fiye da 1,700 da dabbobi kimanin 3,500 suna kwance inda ta same su, bukkoki na tsaye, itatuwa na tsaye, babu abin da ya karye.

Saboda haka tambayoyin da masu bitar ke yi ba na ɓata lokaci ba ne. Suna tambayar halin wanda zai ɗura iskar, da wanda zai fara buɗe ƙofar ɗakin ajiya, da maƙwabcin da harsashin gidansa ke kusa da ramin da aka cusa wa ƙanƙara, tun da kilo guda nata in ya narke yakan zama iska fiye da lita 500. Suna wajabta a kafa allon gargaɗi, a shanya wurin ya sha iska, a auna da na'ura kafin kowa ya shiga, kuma a sani ƙyallen rufe hanci ko takunkumin tace ƙura ba ya tare ta, sai tulun iska mai zaman kansa da mutum zai goya. Na'urar awon nan jikar fitilar dattijonmu ce. Wannan aiki kuwa malamanmu sun san shi da sunan hisba tun kafin a haifi waɗannan hukumomi, Imam Mawardi ya keɓe masa babi a ƙarshen littafinsa na hukunce-hukuncen sarauta, kuma asalinsa yana komawa ga ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi a kasuwa, ya cusa hannunsa mai albarka cikin tsibin, yatsunsa suka taɓo danshi, ya tuhumi mai kayan da algus don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba. Abin lura a nan shi ne hannun ya shiga ƙarƙashin abin da ido ke gani. Kuma duk cutar da ba ta da launi ba ta da wari, irin wannan hannun take bukata, domin talaka mai saye ba shi da yadda zai kare kansa daga gare ta.

Ta fuskar mai cin abincin kuwa, nan ne iskar kabon ta yi wa abokan aikinta fintinkau, har hukumar Amurka ta ɗauke mata sharaɗin ƙayyade ragowar magani a cikin abinci, saboda da zarar an buɗe ta tashi ba ta bar komai a jikin ƙwaya ba. Maganin turaren da duniya ta dogara da shi a da, metil buromaid, an same shi yana cinye rufin ozon da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa, aka yi ittifaƙin barinsa ƙarƙashin yarjejeniyar Montiriyal, ƙasashe masu arziki zuwa 2005, masu tasowa zuwa 2015, sai ɗan abin da aka keɓe. Ƙwayar Phostoxin da manomanmu ke ƙullewa a tsumma su tura cikin buhu tana fitar da iska mai kisa, ta sha halaka iyalan da suka kwana ɗaki ɗaya da hatsi, ƙwari kuma a wurare da yawa sun fara sabawa da ita. Mu kuma mun ɗanɗani kunyar abin a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Nijeriya saboda yawan sinadarin fiya-fiya da aka samu a jikinsa. Abin da ya fi ciwo a cikin wannan labari shi ne waken da aka ƙi a can ɗan'uwan wanda muke dafa wa 'ya'yanmu ne a nan.

Akwai kuma wata hikima a cikin sharaɗin nan na sake bita duk shekara 15, wadda ya kamata ɗalibin usulu ya tsaya a kanta. Hukumar da ta yarda za ta koma kan hukuncin da ita kanta ta zartar, ko da kuwa a kan abu sananne kamar numfashi ne, ta yi iƙirari ke nan cewa iliminta zato ne mai rinjaye, bai kai yaƙini ba, kuma yanayin amfani da abu yana sauyawa ko da zatinsa bai sauya ba: iskar da jiya ake ɗurawa a rumbun ƙarfe a bayan gari, yau ana cusa ta a rami kusa da filin wasan yara. Malamai sun yi saɓani a kan ko ya wajaba mujtahidi ya sabunta nazarinsa idan mas'alar da ya taɓa yi wa fatawa ta sake aukuwa, kuma wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari ta gargaɗi alƙali kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ya sake dubawa ya gane ta. Ban ga bambanci mai yawa ba tsakanin wannan ladabi da wancan.

Sai dai duk abin da muka faɗa zuwa nan maslahar ɗan Adam yake kewayawa, shi da dabbobinsa da ruwansa da ƙasarsa. Saura mai rai guda a cikin wannan shari'a wanda ba shi da wakili, shi ne wanda ake nufi da kisan, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Halaccin kashe shi ba abin jayayya ba ne. Ya inganta cewa an lissafa ɓera cikin dabbobi biyar masu ɓarna da aka yarda a kashe ko a cikin harami, tare da kunama da hankaka da shirwa da kare mai cizo. Kuma wanda ya san cewa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, ta hanyar fitsari da kashin wani irin ɓera yake shiga abincin mutane, ba zai nemi ƙarin hujja ba. Kare hatsi ma aikin annabawa ne, tun da shawarar da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar ita ce su bar abin da suka girbe a cikin zangarniyarsa, dabarar da kakanninmu suka riƙe suna zuba damman gero da dawa a rumbu ba tare da sussuka ba. Amma shari'ar da ta buɗe ƙofar kisa ba ta bar ta a hangame ba. Hadisin Shaddadu ɗan Ausi, wanda kowane almajiri ya haddace a cikin Arba'una ta Imam Nawawi, ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, ya ambaci kisa da yanka a keɓe, ya yi umurni a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. An zargi wani annabi daga cikin annabawa don ya ƙone gidan tururuwa sukutum saboda guda ɗaya ta cije shi. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin al-Ƙairawani, wanda littafinsa ke cikin kowane zauren karatu a ƙasar nan, ya karhanta kashe ƙwarƙwata da ƙuma da wuta, ya halatta kashe tururuwa in ta cutar kuma babu yadda za a yi da ita, sa'an nan ya nuna barin ta ya fi soyuwa a gare shi. A duba fa, ƙwarƙwata! Malamin da ya tsaya yana auna yadda za a kashe abin da ake murƙushewa tsakanin farata biyu, lalle ya fahimci cewa ƙanƙantar wanda ake kashewa ba ta rage girman Wanda ya halicce shi.

To, yaya iskar kabon take kisa? A nan ne zuciyata ba ta sakankance ba kamar yadda ta sakankance a kan sauran fuskoki. Abin da ke sa mai shayarwa, mutum ne ko ɓera, ya ji an shaƙe shi, ba ƙarancin oksijin ba ne kai tsaye, taruwar iskar kabon ce a cikin jini. Ita ce ƙararrawar da Allah Ya sa a jiki, wadda ke tilasta wa mai nutso ya taso sama. Ashe ke nan makamin da ake yabo da tsabta, shi ne ainihin abin da jiki ke fassarawa da firgici. Bayan haka, in ta yi kauri ta taɓa damshin hanci da ido sai ta rikiɗe ta zama ruwa mai tsami mai zafi, irin zugin da mutum ke ji a hancinsa in ya yi gyatsar lemo, amma ninkin-ba-ninkin. Masana sun gwada, sun ga ɓera yakan bar abincin da yake ƙauna ya gudu tun iskar ba ta kai ta sumar da shi ba. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, a 2013, ta ba da shawarar a riƙa ɗura ta sannu-sannu in za a kashe ɓerayen ɗakin bincike, a 2020 kuma ta koma ta ce a ƙara sauri don a gajarta lokacin wahalar. Dokar Turai ta 2012 ma ta sa rashin azabtar da dabba mai ƙashin baya ba bisa larura ba cikin sharuɗɗan amincewa da irin waɗannan magunguna. Wannan ya nuna tambayar ana iya auna ta, ba tausayin banza ba ne, kuma ya cancanci kowace hukuma mai bita ta ba ta shafi nata.

Ina faɗin haka ne da nauyin wani abu a wuyana. Da kaka, bayan an kwashe amfanin gona, mukan fita farautar gafiya ni da samarin unguwa: mu toshe ƙofofin raminta mu bar guda, mu tura busasshiyar ciyawa da barkono, mu kunna, mu yi ta fifitawa da faifai. Wata rana gafiyar ba ta fito ba, muka haƙa har ƙuryar ramin, muka same ta ta cusa hancinta cikin ƙasa, faratanta sun cika da jar laka ta haƙa neman mafita, ga 'ya'yanta a ƙarƙashinta. Muna ihun murna wani malamin zaure da ke dawowa daga gonarsa ya tsaya a kanmu, ya dubi ramin ya dube mu, ya ce, "Yara, an halatta muku namanta in kun yanka, wa ya halatta muku wannan?" Bai ƙara ko kalma ba ya wuce. Shekaru sun tafi, amma duk sa'ad da na karanta cewa ɓera a ramin ƙanƙara barci kawai yake yi ya zarce, faratan nan nake gani.

Duk da haka ba zan yi wa mai karatu rowar ɗaya ɓangaren ba, don adalci ya wajaba ko a kan iska. Maganin ɓeran da ya cika kasuwanni tun wajen 1950, mai tsinka jini, yakan ɗauki kwana 3 zuwa 7 dabbar tana zubar da jini a cikinta kafin ta mutu, sa'an nan mujiya ko kyanwar da ta ci gawar ta gaji dafin. Allon gam da ake sayarwa a bakin titi ya fi wannan muni, domin ɓera kan kwana manne yana kuka, wani har ya yage fatarsa. In aka ɗora mintoci kaɗan na shaƙewa a kan sikeli ɗaya da kwanaki na wannan azaba, babu mai hankalin da zai yi taraddudi, kuma ƙa'idar malamai ta ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu ta yanke hukunci. Abin da nake tsoro shi ne mafi sauƙin cuta ya rikiɗe a bakinmu ya koma ba cuta, saboda ba a ga jini ba, ba a ji wari ba, gawa kuma tana can binne a raminta ba wanda ya ɗauke ta. Wuƙa tana tilasta wa mahauci ya kalli abin da yake yi, ya ambaci sunan Allah, ya yi sauri. Makamin da ba a gani yakan ɗauke wa mai shi wannan kallon, kuma zuciyar da ba ta ga abin da hannunta ya aikata ba, da wuya ta tambayi kanta ko ya zama dole.

Mas'alar ta ƙara laushi in muka dawo gida, ga buhun nan na PICS da ake ajiye wake a ciki, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue suka faro bincikensa tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, aka yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007, har ana yin sa a Kano. A nan ba a sayen iska ba a ɗura komai: ana ɗaure bakin kowace leda daban, ƙwaron da ke ciki ya shanye oksijin ɗin da ya rage, ya cika wurin da iskar kabon daga jikinsa, ya daina ci, ya daina haihuwa, kuma da yake ruwan jikinsa daga narkar da abinci da oksijin yake samunsa, daga ƙarshe ƙishirwa ce ke kashe shi. Wani zai ce ai manomi bai kashe kowa ba, ƙwaro ne ya kashe kansa da numfashinsa. Fiƙihu bai yarda da wannan kuɓuta ba, don ya san mai aikata abu da hannunsa, ya kuma san mai sabbaba shi, kuma ya ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya a kan hanya ko da ba shi ya tura wanda ya faɗa ba. Wani kuma zai juyo ta ɗaya gefen ya tuna mana matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, ya ce mene ne bambanci? Bambancin, a ganina, shi ne ita ba ta da wata cuta da take tunkuɗewa, tsarewar tata zalunci ne tsagwaronsa. Manomi kuwa abincin shekarar iyalinsa yake karewa daga ƙwaron da cikin 'yan watanni zai mayar da buhu gari da huji, kuma ya zaɓi hanyar da ba ta sa dafi a bakin kowa. Yana da lada in sha Allahu, amma shi ne ya ɗaure bakin buhun, kuma ya kyautu ya san haka.

Wanda ya san haka kuwa, shi ne zai fara da abin da shari'a ta fara da shi. Kafin a zo ga maganar kashe ɓera, an umurce mu mu rufe ƙorai, mu ɗaure bakin salka, mu kulle ƙofofi, mu kashe fitila in za mu kwanta, domin ɗan ɓarnan nan yakan ja lagwani ya ƙone gida da mutanensa. Garin da ya bar juji a kowace kusurwa sa'an nan ya sayo ƙanƙara tan-tan, shi ya kiwata abin da yake kashewa. Haka manomin da ya zuba sabon wake a kan ragowar na bara, bai share rumbu ba, bai shanya ƙwaya ta bushe har ta yi ƙara a haƙori ba. Gwargwadon yadda aka tsare ƙofa, gwargwadon yadda rayukan da za a ɗauka ke raguwa, kuma da ni ke rubuta takardar da ake liƙawa a jikin waɗannan kayayyaki, da wannan zan fara kafin in zo ga yawan kilo da adadin kwanaki.

Bara, ana sauran 'yan kwanaki azumi, muka kwance wani buhun wake da muka ɗaure tun kaka. Na sa hannuna har gwiwar hannu, ƙwayar tana da sanyi da santsi, babu gari babu wari, sai ɗaiɗaiku masu hujin da suka shigo da shi daga gona. Uwargida ta juye a faifai ta sheƙe a tsakar gida, matattun ƙwarin suka zubo gefe, busassu, ba su fi cikin tafin yaro ba, kaji suka rugo suna tsattsaga, ba wanda ya kore su, don babu abin da zai cuce su a ciki. Ƙaramin jikana ya tsuguna ya ɗauki guda a kan yatsansa, ya ce, "Kaka, me ya kashe shi?" Na ce masa ni ne, na kuma zaunar da shi na nuna masa yadda ake ɗaure bakin ledar.